Shafin Farko Rubutuna Ne, Habibu

Zuwa ga ɗan'uwana kuma abokin karatuna, marigayi Habibu Dogo.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da wanda ya riga mu gidan gaskiya, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji, makwancinka a yalwace, cike da haske.

Na san ba kai za ka karanta wannan ba. 'Yan ajinmu da ke wannan shafi na sada zumunta ne za su karanta, da ɗalibaina na da da na yanzu, da duk wanda aka tura wa. Sau uku ina fara rubuta musu kai tsaye ina gogewa. Sai da na sa sunanka a sama sannan maganar ta yarda ta fito.

Habibu, ɗanka Sadiku yana tsare a gidan Dagacin garinmu, yau kwana uku. Ana zarginsa da cewa shi yake kai wa 'yan bindiga labarin gidajen mutane. Gobe Juma'a da hantsi dattawa za su zauna a kansa, ko a sake shi, ko a miƙa shi ga 'yan sa-kai su tafi da shi. Waɗanda aka miƙa a garuruwan da ke kewaye da mu, ban ji wanda ya dawo ba. Kuma ina da hannu a abin da ya kai shi nan. Ka yi haƙuri in ɗauko maganar daga tushe, saboda waɗanda ba su san ka ba.

Ka tuna zangonmu na farko a kwaleji, a Dawakin Tofa? Gadonka na sama, nawa na ƙasa, ƙafafunka suna leƙowa ta ƙarshen gadon saboda tsawonka. Daga nan sunan Dogo ya bi ka. Mu da muka fito daga ƙauyukan Tsanyawa ba mu da yawa, 'yan birni suna mana dariya wai muna cin gabza, tuwon makaranta, kamar za a ƙwace. Ba ka taɓa tanka musu ba. Sai da aka manna sakamakon jarrabawar farko, aka ga sunanka a sama a lissafi da kemistiri, sannan suka fara zuwa bakin gadonmu da littattafansu suna "Dogo, don girman Allah."

Da an idar da sallar asuba sai mu koma mu ƙudundune, kai kuwa ka ɗaura kambas ɗinka da ya sha ɗinki ka fita gudu. Malamin wasanni ya ba ka izinin bin hanyoyin gonakin da ke bayan makaranta. Ka san ƙasarmu, mutum ba ya tafiyar minti biyar bai ga gida ba. Gona, gida, gona, gida, kuma babu wata alama a bakin hanya da za ta gaya maka nisan da ka ci. Sai ka ƙirƙiro taka dabarar. Ka yanka littafin rubutu gida biyu ya zama ɗan ƙarami, ka jera sunayen masu gidajen da kake wucewa, a gaban kowane suna kana sa mintin da ka iso ƙofarsa. Gidan wane, minti shida. Gidan wane mai tumaki, sha ɗaya. Idan yau ka iso gidan mai tumaki a minti goma, ka san ka ƙaru.

Agogona kake ara, don kai ba ka da shi. Kullum sai ka dawo min da shi jiƙe da gumi, in yi ta mita, kai kana dariya kana cewa, "Isiya, abin da ba ka auna ba, ba ka san shi ba, zato kawai kake yi."

Ranar da aka kai mu birni gasar makarantu ba za ta fita daga raina ba. Saura zagaye biyu kana na uku, mu muna bakin fili muryoyinmu sun dushe. Da ka zo wucewa ta gabanmu muka ga bakinka yana motsi. Ka wuce na biyu, ka wuce na ɗaya, ka shiga da tazarar da har mai busa usur ya sake duba agogonsa. Muka rufe ka da tambayar wace addu'a kake karantawa, kowa yana so a ba shi. Kana haki ka ce, "Wace addu'a? Jibi akwai kemistiri, tilawa nake yi." Kuma jibin kai ka ɗauki na ɗaya.

Ka wuce jami'a, ka dawo ka zama malamin gona a Watari. Manoman rani har yau suna labarin dogon malamin da ke bin bakin magudanar ruwa a guje da sassafe, sannan ya dawo ya tsuguna yana koya musu auna taki da murfin kwalba. Ka auri Hadiza, aka haifi Sadiku. Yana da shekara goma bas ɗin da ta ɗauko ka daga Kano ta kife. Ni na sanya ka a kabari, Habibu, ni da ƙanenka, kuma a bakin ramin nan na ɗaukar wa kaina alkawarin karatun yaron. Babu wanda ya sa ni.

Yanzu shekararsa sha bakwai, yana ajin ƙarshe a sakandaren jeka-ka-dawo ta garinmu, inda nake koyar da kimiyya nake kuma kula da wasanni. Ranar da ya fara shiga ajina na hango shi ta baya yana tafiya, saura kaɗan in kira sunanka. Tsawonka, tafiyarka, har yadda kake karkatar da kai idan lissafi ya yi maka gardama. A fili kuwa, idan na jera su tsere, sauran yaran roƙona suke in bar su su fara yin gaba.

Amma garin da ka bari ba shi ne wannan ba. Da farko labari muke ji daga can bakin iyaka da Katsina. Sai ya matso, sai ya zama sunayen mutanen da muka sani. Yanzu idan gero ya rufe mutum babu mai zuwa gonar nesa. Masu gonaki a bakin hanya sun koma shuka wake da gyaɗa, don a riƙa hango abin da ke tafe. Kasuwa tana watsewa tun kafin la'asar. Idan babur biyu suka taho tare, mata kwashe yara suke yi su shige gida. Abin da ya fi duk wannan muni shi ne zargi. Kowa ya yarda mutanen nan ba sa shiga gari sai da ɗan gari, saboda haka kowa yana kallon kowa. Mai shayi, mai cajin waya, ɗan acaɓa, duk wanda aka ga ya yi sabuwar riga. Kalma ɗaya ce, infoma, idan ta sauka a kan mutum ba ta tashi.

Duk na san wannan. Ina so ka ji da kyau, na sani.

Sai ga takarda ta zo makaranta cewa bayan kaka za a tace 'yan gudu a birni, wanda ya yi fice za a ɗauki nauyin karatunsa. Ka san halina, idan na ga hanya ta buɗe wa yaro ba na iya zama. Ranar ko abincin rana ban ci ba. Na kira Sadiku na ba shi labarin dabararka, idonsa yana ƙyalli. Na ɗauko sabon littafin rubutu na raba shi biyu da reza. Na goya shi a babur ɗina muka bi hanyar da zai riƙa bi, muna tsayawa a kowace ƙofa, ina rubuta sunan mai gidan da jan biron da nake duba aikin ɗalibai. Gida sha ɗaya. Na cire agogona na ɗaura masa.

Hadiza ba ta so ba. Ta tsaya daga bayan ƙyauren zaure ta ce min, "Malam Isiyaku, zamanin babansa daban, wannan daban. Yanzu in ka ga mutum yana gudu, ko an biyo shi ne ko an aiko shi." Na yi dariya, na ce ai cikin gidajen mutane zai bi, kuma sai gari ya waye tangaran, kowa ya san ɗan waye. Na yi mata dogon bayani a kan jami'a, har ta gaji ta ce to, Allah Ya tsare.

Sati biyar yana fita. Duk Litinin ya kawo min littafin in duba, mintunan suna raguwa, ni ina ta murna kamar ni ke gudun.

Asabar ɗin da ta wuce, ana shirin kiran magariba, suka ɓullo ta cikin gero a kan babura. Ba su tambayi kowa hanya ba. Kai tsaye suka nufi gidan Alhaji Ado mai injin niƙa, suka harbi ƙanensa a cinya, suka tafi da shi Alhajin. Har yau babu labarinsa. Tun kafin gari ya waye maganar ta zama ɗaya a bakin kowa: wani ne ya nuna musu.

Ya kamata tun ranar Lahadi in je in karɓe littafin nan. Abin ya zo min a rai, sai na ce ai yaro mai hankali ba zai fita a wannan hali ba. Ya haƙura kwana biyu. Ranar Talata ya ga gari ya ɗan lafa, ya fita. 'Yan sa-kai suka tare shi a burtalin da ke bayan gidan Alhaji Ado, daidai lokacin da ya tsaya yana duba agogo yana rubutu. Gidan Alhajin shi ne na huɗu a jerin, kuma Sadiku ya ja layi a ƙarƙashin sunan, saboda daga nan yake fara ƙara wuta. Mutanen da suka yi sati biyar suna masa sannu idan ya wuce, su ne suka koma suna cewa dama sun yi mamakin wannan gudun da ba a bin kowa.

Ina tsakiyar darasi aka aiko kirana zauren Dagaci. A ƙofar gidan mutane sun cika, wani yana ihun a kawo fetur. Na shiga na tarar da ɗanka zaune a ƙasa, riga a yage, leɓe a kumbure, takalmi ƙafa ɗaya. Shugaban 'yan sa-kai, wanda ake kira Kwamanda, ya miƙo min littafin. Ba mugun mutum ba ne, Habibu, ka san shi, tare muka yi kiwon awaki. Bara aka kashe masa babban ɗansa a gona, tun daga nan idonsa bai ƙara komawa daidai ba. Ya ce, "Malam, kai ne mai boko, duba mana." Sannan ya ɗora yatsa a shafin farko ya ce, "Wannan jan rubutun ba hannun yaron ba ne. Akwai babba a bayansa, kuma ya ƙi faɗa."

Na kalli rubutuna. Na ji ƙarar mutanen da ke waje. Na kalli bakin bindigar tokar da ke jingine a gwiwarsa. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Sunayen gidaje ne da lambobi." Na mayar masa da littafin.

Sadiku ya ɗago ya dube ni. Ba kallon tuhuma ba ne, da shi ne da ya fi min sauƙi. Kallon ɗalibi ne da ke jiran malaminsa ya ƙarasa bayani. Da ya ga na gama, sai ya sunkuyar da kai.

Allah Ya saka wa Dagaci da alheri. Ya miƙe da tsufansa, ya kama hannun yaron ya shigar da shi cikin gida, ya kulle shi a ɗakin da yake ajiye sirdi da buhunan iri, ya jefa makullin a aljihu. Ya fito ya ce duk mai son taɓa shi kafin zaman Juma'a sai dai ya fara da shi. Ni kuwa na koma aji na ɗauki alli, na tsaya gaban allo na kasa tuna abin da nake koyarwa.

Jiya Laraba na je wurin Hadiza da wata dabara ta matsorata. Na ce a raina, idan aka samo tsohon littafinka na kwaleji, mai sunayen gidajen Dawakin Tofa da mintuna, zai yi magana a madadina, in kai shi in ce ga shi, gado ne, ba sai na ambaci jan biro ba. Ta jawo akwatin ƙarfen da ta adana kayanka ta buɗe a gabana. Gara ta shiga ta wata 'yar kafar tsatsa a gindi ta cinye duk wata takarda. Bangon littafin kaɗai ya rage, da lambobin yabonka guda uku cikin ƙasa. Ba ta yi kuka ba. Ka san ba ta kama sunan yaron, ɗan fari ne. Ta rufe akwatin ta ce, "Ai ba takarda ce ta san maganar yaron nan ba, Malam. Kai ne ka sani."

Yau da azahar na roƙi Dagaci ya bar ni in gan shi, a matsayina na malaminsa. Na kai masa kunu. Ɗakin babu taga sai 'yar kafa a sama, ga zafi, ga warin maganin ƙwari. Na tsuguna na kasa haɗa ido da shi. Shi ne ya matso ya rage murya ya ce, "Malam, kada ka damu, ban faɗa ba. Kana da ƙananan yara." Sannan ya tambaye ni ko an yi gwajin lissafin da aka sa ranar Laraba, ko za a bar shi ya rama.

Habibu, shekarata ashirin da wani abu ina tsayawa gaban yara ina gaya musu su faɗi gaskiya ko da a kansu ne. Yau yaro ɗan sha bakwai yake shan duka don ya rufa min asiri.

Ba zan ɓoye maka ba, har yanzu tsoro nake ji, kuma bai ragu ba ko kaɗan. Ba ni da tabbacin za su yarda. Zuciyar mutane ta yi zafi, Alhaji Ado yana daji, iyalinsa suna kuka, ana neman wanda za a ɗora wa. Suna iya cewa dama babban da ake nema ke nan, su haɗa mu mu biyu. Suna iya tambayata me ya sa ban faɗa ba ranar Talata, kuma ba ni da amsar da za ta yi daɗin ji. Kwana uku ke nan duk babur ɗin da ya rage gudu a ƙofar gidana sai in tashi in leƙa. Malamai uku ne kawai masu jan biro a makarantarmu, kuma yara sun san hannuna. Na zauna ina jiran a gano ni, kamar ɓarawo, alhali abin da na yi shi ne koya wa marayanka auna gudunsa.

Da na dawo daga gidan Dagaci na zaunar da Binta, uwar 'ya'yana, na gaya mata komai. Ta juya tana kallon 'yan matanmu uku suna wasan 'yar carafke a tsakar gida. Na zaci za ta ce in tuna da su, kuma wallahi da ta faɗa, ban san abin da zan yi ba. Sai ta tashi ta zuba gawayi a dutsen guga, ta ɗauko farar rigata ta Juma'a. Tana guga hawaye yana ɗiga a kan rigar, ta ce, "In za ka je, ka je fes. Kada su ce tsoro ya hana ka wanka."

Shi ya sa nake rubuta maka a nan, inda kowa zai gani. Na san kaina yanzu, na ga abin da nake iya yi idan an sa ni a tsakiyar zaure. Idan na bar maganar a cikina zuwa gobe, ina tsoron bakina ya sake cin amanata. Amma idan na tura wannan, ta fita ke nan. Samarin garinmu za su gani a wayoyinsu kafin isha'i, a karanta wa Kwamanda, a karanta wa Dagaci. Ba ni da sauran wurin ɓuya.

'Yan ajinmu da yawa sun ga rabin littafin nan naka da idonsu, wasu har tsokanarka suke yi wai kana ƙidayar gidajen da za ka nemi aure. Ina fatan duk wanda ya tuna zai rubuta a ƙarƙashin wannan wasiƙa, da cikakken sunansa da aikinsa. Wanda kuma Allah Ya ba iko, motar farko daga Kano zuwa Tsanyawa tana isowa kafin hantsi. Ba zan ga laifin wanda ya kasa ba, ni ne na ƙarshen wanda zai ga laifin mai tsoro.

To, ga ta nan a fili, a gabanka da gaban kowa. Ni, Isiyaku, malamin kimiyya, ni na yanka littafin. Ni na zaɓi hanyar, ni na rubuta sunayen gidajen sha ɗaya da hannuna, ni na ba da agogo. Lambobin da ke ciki mintunan gudu ne, ba komai ba. Sadiku bai san kowa a daji ba, umarnin malaminsa ya bi. Duk mai tambaya a kan littafin nan, ni zai tambaya.

Ka yafe min, Dogo. Na karɓi amanar da ba ka ma roƙe ni ba, ranar da aka zo gwada ta na sake ta.

Ya Allah, Ka jiƙan Habibu, Ka gafarta masa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka kuɓutar da marayansa, Ka wanke sunansa, Ka sanyaya zuciyar mahaifiyarsa. Ka dawo da Alhaji Ado cikin iyalinsa lafiya, Ka ba ƙanensa sauƙi. Ka sanya wa dattawanmu adalci, Ka cire wa Kwamanda zafin da ke ransa, Ka kawo mana ƙarshen wannan masifa. Ni kuma, ya Rabbi, ba na roƙon Ka cire min tsoro, lokacin ya ƙure. Ka dai riƙe min gwiwoyina daga ƙofar gidana zuwa zauren Dagaci, Ka buɗe min baki idan na isa. Amin.

Wassalam.

Naka har mu sadu,
Isiya